Tsohon garin Agadez: Wa zai biya kuɗin yaɓen baɗi?

Hasumiyar babban masallacin Agadez, mai tsawon mita 27, ginin ƙasa ce tun ƙarni na 16. Ginin ƙasa kuwa ba a gama shi. Kowace damina sai ta ci nata rabo, sai an sake kwaɓa ƙasa, a kira magina, a biya su.

Nan ne ƙungiyoyin kare kayan tarihi irin su Imane-Atarikh ke shan wuya. Ƙungiyar ta samu tallafin gidauniyar ALIPH mai mazauni a Geneva domin gyare-gyare a tsohon garin, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Sai dai kuɗin tallafi na da wa'adi. Ranar da aka rufe aiki, ranar suke tsayawa, ruwan sama kuma bai san wannan lissafi ba. Daminar 2024 ta lalata gidaje a tsohon garin, ta kuma rusa tsohon masallacin Birni a Damagaram.

Da can 'yan yawon buɗe ido ne ke kawo kuɗi garin, daga maƙeran azurfa har masu otel kowa na samu. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka kore su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi ga Nijar.

Saura 'yan Abzin mazauna Yamai, Libiya da Faransa. Karo-karon wata-wata, ko na jika biyar ne, ya fi babban alkawarin da ake jira shekara biyu.