AUNA WURIN AJIYA KAFIN A KWAFE BAYANAI

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙarshen Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi, jama'a suka watse daga unguwanni irin su Wuro Patuji, aka rufe makarantu da ofisoshi, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa. A irin wannan rana, ofishin da bai ajiye kwafin bayanansa a wani gari ba yana iya rasa sakamakon ɗalibai da lissafin albashi baki ɗaya.

A yau babbar na'ura guda takan ɗauki kwamfutoci da yawa a cikinta, kowace tana aiki tamkar mai zaman kanta, alhali kuwa fayil ce a kan faifai. Kwafe su ba wuya, amma in faifan ajiya ya cika tsakar dare, kwafin zai tsaya rabi, kuma rabin kwafi ba ya fid da kowa.

YADDA AKE LISSAFI

Da farko a duba wurin da bayanai suka ci, ba wanda aka ware musu ba. A ce an ware gigabait 200, amma 80 aka cika. Na biyu, a auna abin da ke sauyawa kullum, misali gigabait 2. Idan za a riƙe kwafin kwana 30, sauyin ya zama 60, jimla 140. Sai a ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda gaba, wato 28, ya zama 168. Kwamfutoci goma irin wannan suna bukatar gigabait 1,680.

Kada a dogara da alƙalami. Ma'aikacin kwamfuta ya rubuta ɗan gajeren umarni wanda zai yi wannan lissafi kowane dare, ya gwada shi da wurin da ya rage, ya aika gargaɗi tun kafin faifai ya cika.

KIRA GA SHUGABANNIN OFISOSHI

A ajiye kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari, kamar Yola ko Abuja. A riƙa gwada maido da kwafin kowane wata. Rigakafi ya fi magani.