Ciwon Giya a Tsohon Babur: A Saurara Kafin a Buɗe Inji

Duk wanda ya san ƙauyukan Hausawa na Jazira da gaɓar kogin Bulu Nil a ƙasar Sudan ya san matsayin babur a wurin ɗan kasuwa. Daga Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa Damazin da kan iyakar Habasha, a kansa muke ɗora buhu mu bi hanyar da mota ba ta iya bi. Ƙasar yankin baƙin laka ce mai danƙo, da damina kuwa sai a lamba ɗaya ko biyu ake ratsa ta, wanda hakan ke cin giya.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa kasuwannin Khartum, ya kuma ci Wad Madani daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. Kayan gyara suka yi tsada, tsofaffin babura irin su Honda CG125, da aka fara ƙerawa a 1975, suka ƙara daraja. Don haka buɗe inji ba tare da sanin ciwo ba asara ce babba.

Abu na farko, mu fara da na waje. Idan giya ta ƙi shiga, ko babur yana jan jiki alhali an matse kuloci, a duba wayar kuloci tukuna. Wasan hannun ya kamata ya tsaya tsakanin milimita 10 zuwa 20. Haka nan cen da ya saki yana fizga da ƙara, har a ɗora wa giya laifin da ba nata ba.

Na biyu shi ne baƙin mai. A irin wannan babur, inji da kuloci da giya mai ɗaya suke sha. Tsohon mai yana sa giya tauri, wani man mota kuma yana sa kuloci santsi. A nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin galan. In an juye mai, a zuba shi a kwano mai tsabta a jefa maganaɗisu. Garin ƙarfe kaɗan ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsari alama ce haƙori ya karye.

Na uku, a kula da halin giyar. Wadda ke fita da kanta ta koma firi idan an ja mai, musamman lamba biyu, ƙusoshin da ke kama juna ne suka cinye, ko ƙarfen da ke tura giyar ya lanƙwashe. Takalmin giya da ba ya dawowa wurinsa bayan an taka, sifirin ne ya karye, kuma sau da yawa murfin gefen kuloci kaɗai ake cirewa. Wanda ke juyawa a banza kuwa, haƙoran sandarsa ne suka goge.

Na huɗu, kunne. Kuka a lamba ɗaya tak, haƙoran wannan lambar ne. Gurnani a kowace lamba, a tuhumi boris. Ƙarar da ake ji a firi, ta ɗauke da zarar an matse kuloci, tana wajen kuloci ko boris ɗin sandar da yake kai.

Shawararmu ga mai sayen babur na hannu ita ce, kada ya biya sai ya hau shi da kaya, ya bi kowace lamba, ya ja mai ya saki. In giya ta fita ko sau ɗaya, a cire kuɗin buɗe inji daga farashi. Wanda nasa ya fara haka kuma, ya kai wa bakanike tun a gari. Haƙorin da ya karye yana iya kulle taya ana cikin gudu, ga kaya a baya, ga daji ba mai taimako.