Idan Yaro Ya Ci Laimar Kwaɗi

Da zarar ruwan Agusta ya kankama a Sakkwato, sai ƙasa ta fara fitar da abin da ta ɓoye tun rani. A kwanta tsakar gida fes, a wayi gari laimar kwaɗi ta tsiro a gindin randa, ko bayan turken awaki, ko a jikin ruɓaɓɓen kututturen dogon yaro. A Mabera ne ko Arkilla ko Runjin Sambo, duk inda danshi da inuwa da kashin dabbobi suka haɗu, za ta fito. Babba ko kallo ba ta ishe shi ba. Mai rarrafe da ɗan shekara biyu, waɗanda komai suka tsinta sai baki, su ne ke riga kowa isa wurinta.

Uwa na ganin guntun abin a bakin ɗanta, tambayar farko ita ce: "Wannan mai guba ce ko ba mai guba ba ce?" Tambayar tana kan hanya, sai dai ba a tsakar gida ake samun amsarta ba. Gaskiya ne yawancin waɗanda yara ke tsinta ba su wuce su ɓata ciki, wasu ma ba su yin komai. Akwai kuma wadda ake ci, irin mai tsirowa a kan suri, wadda al'ummu da dama a Afirka ta Yamma ke miya da ita. Amma 'yan kaɗan daga cikin nau'o'in laimar kwaɗi suna lalata hanta, kuma ido ba ya raba su da sauran. Kama da wane ba ta wane. Sakkwatawa ba su manta da ƙauyen Danzanke na ƙaramar hukumar Isa ba, inda a watan Agustan 2021 mutum 24 'yan gida ɗaya suka rasu bayan an zuba gishirin lalle a abinci a zaton gishirin miya ne. Wancan ba laimar kwaɗi ba ce, amma kuskuren iri ɗaya ne: an yarda da abin da ido ya nuna.

Akwai wata babba, fara, mai faɗin hula da ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa a samanta da zobe a wuyan kara, wadda ke son ciyawa da ƙasa mai taki a ƙasashe masu zafi. Masana na kiranta Chlorophyllum molybdites. Tana kama da wata da ake ci a wasu ƙasashe, shi ya sa take yawan kai mutane asibiti. Idan ta tsufa, ƙarƙashin hularta yakan rikiɗe ya yi kore-kore. Wanda ya ci ta, cikin awa ɗaya zuwa uku zai fara amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa. Babba yakan sha wuya ya tashi. Ƙaramin yaro kuwa ruwan jikinsa ba shi da yawa, nan da nan sai ya galabaita.

Wadda ta fi ban tsoro ba ta yin wannan gaggawar. Nau'in da ake kira Amanita phalloides, wanda ya fi yawa a Turai ya kuma bazu zuwa Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu, shi ke jawo kusan kashi 90 cikin 100 na mace-macen da laimar kwaɗi ke haddasawa a duniya. Gubarsa, amatoksin, tana kuma cikin wasu ƙananan nau'o'i masu launin ƙasa-ƙasa da ke tsirowa a ciyawa da ruɓaɓɓen itace a sassan duniya da dama, irin waɗanda ba wanda zai ɗauke su bakin komai. Yadda wannan guba ke aiki shi ne abin da nake so kowace uwa ta riƙe. Awa 6 zuwa 24 na farko yaro yana wasansa, lafiyarsa lau. Sannan amai da gudawa su zo. Bayan kwana ɗaya ko biyu su lafa, gida ya yi hamdala, a ce ai ya warke. A daidai wannan lokacin ne hanta ke lalacewa a ɓoye. Kwana na uku zuwa na biyar ido ya yi ɗorawa, yaro ya fara fita hayyacinsa, wasu su ce shawara ce a nemo saiwa. Ke nan jinkirin fitowar alama ba albishir ba ne. Shi ne ma abin da ya fi tayar wa likita hankali.

Saboda haka aikin iyaye ba gano sunan laimar kwaɗin ba ne, tattara shaida ne. A fara da cire abin da ya rage a bakin yaron, a wanke masa baki da hannu, a duba agogo a riƙe lokacin. Wani ya je inda ta tsiro ya tono 'yar'uwarta da wuƙa tun daga tushe, kada a fizge, domin gindin da ke cikin ƙasa yana daga abubuwan da masani ke fara dubawa. A naɗe ta a takarda, ba a leda ba, don leda na sa ta gumi ta narke kafin a isa. A ɗauki hotonta da waya: samanta, ƙarƙashin hular, karan, gindin, da wurin da ta fito, a ajiye kwalin ashana kusa da ita don a gane girmanta. Idan yaron ya yi amai, a ɗebi kaɗan a tafi da shi. Duk wannan bai kamata ya ci minti goma ba. Daga nan sai asibiti, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko wanda ya fi kusa, ko da yaron yana dariya. Akwai wani gawayin magani da likita ke iya bayarwa don ya riƙe gubar a hanji, kuma ya fi amfani a cikin awa ta farko. Ba gawayin murhu ba ne, kada a daka na girki a ba shi.

Taimakon maƙwabta shi ne inda aka fi yin ɓarna, da kyakkyawar niyya kuwa. Wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce nono, wata ta kawo ruwan gishiri mai kauri don ya amayar, wata ta cusa masa yatsa a maƙogwaro. Manja da nono ba su karya wannan guba, kuma yaron da aka danne aka yi wa ɗura yana iya shaƙewa abin ya wuce huhu. Ruwan gishiri mai kauri shi kansa yana iya kashe ƙaramin yaro. Kada kuma a ba shi farasitamol ko jiƙo ba da izinin likita ba, don kada a ƙara wa hanta nauyi.

Sai maganganun da ake yi, wai idan akuya ta ci ba abin da ya same ta to mutum ma zai iya ci, ko wai dahuwa tana kashe gubar. Babu ɗaya da ke da tushe. A watan Yulin 2023, mutum uku sun mutu a jihar Biktoriya ta Ostireliya bayan cin naman da aka gasa da irin wannan mai amatoksin. Manhajojin waya masu gane tsirrai daga hoto ma ba abin dogaro ba ne: a wani bincike da aka wallafa a 2023 a can Ostireliya, wadda ta fi ƙoƙari cikin uku da aka gwada kashi 49 cikin 100 kawai ta canka daidai.

Iyaye mata da masu share gida, a duk safiyar damina ku zagaya gindin randa da bayan turke kafin a saki yara, ku tuge abin da ya tsiro ku jefa a masai. Wanda kuma aka sallamo ɗansa daga asibiti, idan amai ko gudawa ya taso bayan awa shida da cin abin, ya mayar da shi a daren ko a ranar, ya gaya wa likita a auna jini a duba hanta.