Kuɗin Fansho da Akwatin Zaɓe

'Yan Babbar Kasuwar Katsina ba sa jiran sanarwa kafin su san an biya albashi da fansho. Ciniki ne ke gaya musu: masu hatsi su kama awo, masu atamfa su sauko da turame, masu littafin bashi su soma soke sunaye. Saboda haka inda ake kai kuɗin fansho ya shafi mai rumfa kamar yadda ya shafi malamin makarantar da ya yi ritaya.

A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, Najeriya ta koma tsarin fansho na adashin gata. Dokar da aka sabunta a 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. A 2019 Shugaba Buhari ya buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, teloli da sauran masu sana'ar hannu su ma su riƙa tarawa. Zuwa 2024 dukiyar da ke ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta PenCom ta haura Naira tiriliyan 20.

Kuɗin nan ba a kwance suke ba. Fiye da rabinsu an ranta wa Gwamnatin Tarayya ta hanyar takardun lamuni, wani kaso kuma an sayi hannun jari da shi a bankuna, kamfanonin siminti da na sadarwa. Ta waɗannan ƙofofi biyu ne siyasa ke iya kutsowa.

Ta farko ita ce gudummawar kamfanoni. Dokar kamfanoni ta haramta musu ba jam'iyya kyautar kuɗi, amma a 2003 wata ƙungiyar manyan 'yan kasuwa mai suna Corporate Nigeria ta tara wa yaƙin neman zaɓen Obasanjo kusan Naira biliyan 2. A Disambar 2014 kuma, a liyafa guda a Abuja, an yi wa takarar Shugaba Jonathan alkawarin sama da biliyan 21, ciki har da kason ɓangaren mai da na gine-gine. Idan kamfanin da asusun fansho ke da jari a cikinsa ya shiga irin wannan hidima, gumin ma'aikaci ya tallafi ɗan takarar da wataƙila bai zaɓa ba. Irin waɗannan maƙudan kuɗi ne kan gangaro unguwanni ranar zaɓe su zama taliya, sabulu da 'yan dubbai a hannun masu sayen ƙuri'a.

Ƙofa ta biyu ita ce gwamnati kanta, wadda ke karɓar rancen kuma take neman tazarce. A Mayun 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya yi maganar jawo kuɗin fansho zuwa manyan ayyukan raya ƙasa. Atiku Abubakar da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca, sai da ministan ya fito ya ce ba za a karya ƙa'ida ba. Tsoron jama'a yana da tushe. A Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, shekara 8 kan halasta kuɗin haram sama da Naira biliyan 2.

Akwai mafita, kuma an gwada ta. A Amurka, asusun fanshon ma'aikatan jihar New York ya daɗe yana amfani da hannun jarinsa wajen matsa wa kamfanoni su bayyana kuɗin da suke kashewa a siyasa. A gida ma, tun 2021 PenCom ta samar da asusun da babu kuɗin ruwa a cikinsa, inda ake zuba kuɗi a Sukuk da makamantansa. Hukumar da ta iya tace riba don kiyaye addinin mai ajiya za ta iya tace kamfanin da ke zuba kuɗi a aljihun jam'iyya.

Ya kamata PenCom ta wajabta wa kamfanonin fansho su riƙa neman bayanin kuɗin da ake kashewa a siyasa daga duk inda suka sa jari, su kuma buga shi a fili. Ƙungiyoyin ƙwadago, na 'yan fansho da na 'yan kasuwar Katsina su nemi hakan a rubuce tun kafin zaɓen 2027.