Shin Ko Kun San? Da Me Aka Gina Birnin Damagaram

Shin ko kun san cewa unguwar Birni, tsohon garin Damagaram, tana zaune ne a tsakanin manyan duwatsu, wasu sun fi soro tsayi, amma magina ba su gina ta da dutse ba? Dutsen na da taurin tsiya, sassaƙa shi sai an sha wuya. Sai suka bar shi a inda yake, suka kewaye shi da katangun laka. Shi ya sa lungunan Birni suke ta lanƙwasa, wani gidan ma dutse ne bangonsa na baya.

Ganuwar da ta kewaye Birni ta ƙasa ce, aikin zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884. Shi ne sarkin da aka ƙera wa igwa a cikin garinsa. Yau sai guntayen ganuwar nan da can. Fadar Sarkin Damagaram kuwa, wadda ita ma ginin ƙarni na 19 ce, har gobe ana zaman fada a cikinta.

Ko kun san tubalin gargajiya ba a buga shi a ma'auni? Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai a tsuke. A jiƙa ƙasa, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tsumu, sannan a mulmula a shanya a rana. Wajen gini ana jera shi a tsaye, kai sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar laka mai haɗe da ciyawa. Bango yana farawa da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Magini ba ya bukatar tsani: a kan bangon yake zama kamar ya hau doki, yara na cilla masa tubali daga ƙasa yana cafewa. Ramin da aka haƙi ƙasar shi ke zama kududdufi da damina, kuma da ruwansa ake kwaɓa lakar ginin gaba. A garin da ƙarancin ruwa ya daɗe yana damun mutane, wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

Rufi fa? Azara ce, daga giginya. Ana tsaga gangar jikinta gida-gida, kuma gara ba ta iya mata. Sai dai tana da iyaka: idan tazara ta kusa mita 2 kuma ga nauyin laka a kai, sai ta fara lotsawa. Daga wannan iyakar aka sami bakan gizo. Magini zai dasa azara a cikin bango daga ɓangarori biyu, ya riƙa ɗaura wata a kan wata da igiya, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da laka. Idan bakunan suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga. Duk zauren da kuka shiga kuka ga faɗi ba ginshiƙi ko ɗaya, ku ɗaga kai, aikin ke nan. Wanda ya fi shahara da wannan gwaninta a ƙasar Hausa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yaɓe. Shin ko kun san abin da ke hana ruwa cin bango yawanci sharar wasu sana'o'i ne? Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, bango ya fito da duhun ja mai ƙyalli. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi, haɗi uku ne: katsi daga gindin karofin marina, gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara. Damagaram garin jima ne da dukanci tun tale-tale, saboda haka gashi bai taɓa yi wa magini wuya ba. Amma a duba: idan karofi ya mutu, katsi ya tafi, laso ma ya bi shi. A ganina wannan ya fi siminti yi wa ginin ƙasa illa, ko da yake shi ma simintin ba kanwar lasa ba ne. Idan aka shafa shi a kan laka sai ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, danshi ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye.

A unguwar Zango, masaukin ayarin Azbinawa da fatake, attajirai sun mayar da fuskar gida wurin nuna arziki: zanen dagi da sauran ado tun laka tana ɗanya, ga zankwaye a kusurwar soro, ga indararo na zubar da ruwa nesa da bango.

Kada a ɗauka ginin laka namu ne mu kaɗai. A yankin Devon na Ingila akwai gidajen laka da ciyawa da suka shekara ɗaruruwa, duk da yawan ruwan samansu, saboda an ɗora su a kan harsashin dutse, rufin ciyawa kuma ya zarce bango sosai. A nan Nijar, masallacin Yama na jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Hasumiyar masallacin Agadas ta laka ta kai mita 27.

Mu koma Damagaram: ita ce babban birnin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka mayar da mulki Yamai. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. A watan Satumba na 2024 kuma ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin Birni, ginin laka na tsakiyar ƙarni na 19.