Cinikin 'Yan Ƙwallo Ya Raba Kan Dattawa Da Samari A Haɗejiya

Duk lokacin da aka buɗe kasuwar cinikin 'yan wasa a Turai, a watan Janairu da kuma tsakiyar damina, gardama takan kaure a gidajen kallon ƙwallo na Haɗejiya. Samari suna bin jita-jita a wayoyinsu. Da ƙungiyarsu ta sha kaye sau biyu, sai su nemi a kori koci, a sayo sababbin 'yan wasa.

Dattawa kuwa, waɗanda suka bi Raccah Rovers ta Kano a rediyo har ta ci gasar ƙasa a 1978, sa'ad da Haɗejiya ke cikin Jihar Kano, suna ganin ƙungiya tamkar gonar fadama ce: ba a tumɓuke shinkafa don a duba ko ta yi saiwa. Hujjarsu ita ce Alex Ferguson, wanda ya kama Manchester United a 1986, bai ci kofi ba sai 1990, amma aka yi haƙuri da shi har ya ci gasar Ingila sau 13.

To, amma samarin ma suna da tasu hujjar. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014, daga baya ta yi ta tangal-tangal har ta faɗa rukuni na biyu a 2022.

Manomin fadama dai ya san haƙuri yakan biya ne idan ana ciyawa ana gyaran kwalbati. Wanda ya naɗe hannu yana jira, kachala ce za ta cinye masa gona.