Me Ya Sa Sabulu Ke Ƙin Ruwan Zartsi?

Yawancin masu wanki da yawan kumfa suke auna ƙarfin sabulu, alhali ainihin aikin can cikin ruwa ake yin sa, inda ido ba ya gani.

Kowace ƙwayar sabulu tana da kai da jela, kamar tsinken ashana. Kan yana son ruwa. Jelar kuwa sarƙar kabon ce, maiƙo take so, ruwa take gudu. Idan ƙwayoyin ba su da yawa, sai su yi jeri a saman ruwa, jela a waje. Da zarar yawansu ya kai wani mizani, sai su cure wuri guda, jela a ciki, kai a waje. Wannan curin shi masana ke kira misel, tun bayanin da James McBain ya yi a Ingila a 1913. Maiƙon wuyan riga ko na gindin tukunya cikin curin yake shigewa, ɗauraya ta tafi da shi.

Tsawon jela ne ke yanke mizanin. Sinadarin da ke sa man goge baki kumfa jelarsa kabon 12 ce, kuma ƙwayoyi wajen 60 ne ke haɗa curi ɗaya. A ƙara wa jelar kabon biyu kacal, abin da ake buƙata kafin curi ya haɗu zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai doguwar jela ba ta narkewa da sauƙi a ruwan sanyi. Shi ya sa sabulun man alayyadi, mai yawan jelar kabon 12, ke kumfa nan take, na kitse kuwa, mai kabon 16 da 18, sai an haɗa masa da ruwan ɗumi. Masu dafa sabulun salo sun daɗe da sanin haka a aikace, ko da ba su taɓa ƙirga kabon ba.

Matsalar ruwan zartsi kuma daga kai take. Irin wannan ruwan rijiya yana ɗauke da kalsiyam da maganiziyam. Ƙwayar kalsiyam ɗaya takan cafke kawunan sabulu biyu ta haɗe su, su zama wannan farin dattin da ke mannewa a gefen baho. Ƙwayar da aka cafke ba ta shiga curi. Mai wanki ta yi ta goga sabulu, rabinsa asara, zane kuma ya fito da tauri.

A irin wannan ruwa garin wanki ya fi dacewa, domin kan ƙwayoyinsa na sinadarin salfa ne, kalsiyam ba ya saurin kama shi, kuma ana zuba masa abin da ke tausasa ruwa. Wanda ya fi son sabulun sanda, ya tari ruwan sama a damina, ko ya jefa ɗan sodar wanki a bokiti kafin ya jiƙa kaya.